Waƙar Biko a Gonar Baba Labo

Tun da na dawo daga Nijar bakina bai huta ba. A makarantar da nake koyarwa, a gidan suna, har a layin niƙa, duk wadda na gamu da ita tambayarta ɗaya ce: wai da gaske ne ni da ƙanena Bala mun tsallaka iyaka neman waƙa? Da gaske ne. Na ba da labarin har ya fara dawo mini da gishirin da ban zuba ba, wata ma ta rantse mini cewa Bala ya suma a gona sai da aka yayyafa masa ruwa. Bai suma ba, zama ya yi da ƙarfi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa mata in huta.

Bala bakaniken babura ne a nan Katsina. Ni na goya shi, don haka na san iyakar wayonsa, kuma ba ta da nisa. Matarsa Rakiya 'yar wani ƙauye ce kusa da Gidan Amumune, can ƙasar Mayahi, yarinya mai kunya wadda shekara shida ban taɓa jin muryarta ta wuce zaure ba. Ana tsakiyar damina ta haɗa kayanta, babu faɗa babu zagi, ta ce za ta ganin gida. Shiru, shiru, waya ma ta daina ɗauka. Daga baya mahaifinta ya aiko da saƙo cewa shi ba zai tilasta wa ɗiyarsa ba, idan aka gama girbi ba ta sake magana ba, za a zauna a raba auren.

Na tsare Bala na ce ya faɗa mini abin da ya yi mata, don ruwa ba ya tsami banza. Ya rantse da abin da zai kashe shi bai yi komai ba. Yau ya ce atamfar Sallah ce ba ta yi mata ba, gobe ya ce maƙwabta ne suka zuga ta, jibi ya ce asiri aka yi musu. Yana ta ramewa kuwa, wuya ya yi tsawo, don yana sonta, wannan ba ni da shakka a kai. Ana nan sai wani ɗan Nijar da ke kawo masa gyara ya ba shi labarin wani tsoho mai gurmi a bayan Attantane, Baba Labo, wai idan ya yi wa mutum waƙar nadama, matar ko tana bangon duniya sai ta dawo da ƙafarta. Na ce mu a gidanmu goro da baki ake kaiwa biko. Bala ya ce zamani ya wuce nan. Da na ga da gaske tafiya zai yi, kuma gero ya riga ya nuna, sai na nemi izini a makaranta na bi shi, don in aka bar shi shi kaɗai auren ne zai ƙarasa kashewa.

Muka bi ta Dankama. A bakin iyaka wani jami'i dogo, baƙi, mai fara'a ya karɓi katinmu ya juya shi, ya tambayi inda za mu da abin da za mu yi. Ni na so in ce ziyara. Bala ya riga ni, ya ce biko. Mutumin ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya kira abokin aikinsa don shi ma ya gani, sannan ya miƙo mana katin.

"Ku tahi lahiya," in ji shi. "In kun dawo ku biyo ta nan in ga amarya."

Daga nan muka shiga wata mota da aka ɗaure ƙofarta da igiya. A gida mun saba da cunkoso, amma a can na ga an ɗora mutum a kan buhu, an ɗora buhu a kan mutum. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Kona, da zabi biyu a cinya, kafin mu kai Gazawa ta san sunana da aikina da abin da ya fito da mu. Daga bakinta na koyi cewa man fetur sunansa asansi, makaranta lakwal ce, babur moto ne, ni kuma tunda malama ce to Madam ce. Madam ɗin nan ta bi ni har na baro ƙasar. Da ta ji batun waƙa ta yi dariya har zabin suka firgita, ta ce ita mijinta na fari da ya zo bikonta tunkiya ya kawo, kuma tunkiyar ta fi shi iya magana.

A Tasawa gidan ƙanwarta ta sauke mu, don ta ce abin kunya ne Madam ta kwana a tasha. Mutanen kirki ne ƙwarai. Aka kawo mana fura a ƙwarya wadda a wajenmu gida guda za ta ciyar, na sha kaɗan na ajiye ina jiran abinci, ashe abincin ke nan. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri a baya, na ci da haƙoran da suka rage mini. Kilishinsu kam ba ni da abin cewa, na sayo na tsaraba na cinye shi kafin mu kai Mayahi.

A Tasawa ne Bala ya fara kauce hanya. Ɗan masu gidan ya ce masa me zai kai shi daji wajen tsoho alhali ga sutudiyo a cikin gari, ana shiga da baƙin ciki a fito da waƙa kafin azahar. Na bi su don in ga ƙarshen abin. Ɗaki ne ƙarami an manna kwalin ƙwai a bango, da wani saurayi mai baƙin tabarau a gaban kwamfuta. Bai tambayi Bala abin da ya faru ba. Sunan matar kawai ya tambaya, ya ƙirga shi a yatsa, ya ce Rakiya zai shiga daidai. Waƙoƙin rabuwa iri uku gare shi a ajiye: ta wadda ta tafi da kanta, ta wadda iyaye suka hana, da ta wadda mai kuɗi ya ƙwace. Duk cikinsu akwai wata, akwai taurari, akwai zuciya da ta tsage, da hawaye da suka zama kogi. Bala ya zaɓi ta farko, aka sa masa abin ji a kunne, ya rera. Ƙanena muryarsa ko kiran kaji ba ta yi, amma da na'ura ta gama da ita sai ta fito siririya tana rawa, kamar sauro a cikin kwalba. Ya saurara idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce ko dutse ya ji wannan sai ya narke. Ni dai ban narke ba.

Daga Tasawa zuwa Mayahi jar hanya ce mai kwazazzabai, ba abin da zan ce a kanta sai Allah ya saka wa ƙuguna. Daga Mayahi kuma sai kabu-kabu, wato acaɓarsu. Ni da na yi shekaru ban hau babur ba, ga ni a bayan wani mai rawani, muna iyo cikin yashi, gonakin gero dama da hagu an fara karya su. Sau biyu muka faɗi, a hankali dai, don yashin ya fi katifata laushi. A faɗuwa ta biyu wayar mai babur ɗin ta yi ƙara a aljihunsa. Sai ga kiɗan nan, ga wata, ga taurari, ga hawayen da suka zama kogi, ga sauro a cikin kwalba, sai dai inda Bala ya ce Rakiya, wannan Zara'u yake kira. Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce ai kowa na da ita, ta wani mai shayi ce da matarsa ta gudu bara, akwai ma ta Hadiza da ta Mariyama. Na ce matar mai shayin ta dawo? Ya ce ta yi aure a Damagaram. Bala yana tsaye yana kaɗe yashi daga kunnensa, sannan muka sake hawa har muka isa Attantane.

Ƙauyen Baba Labo sai da amalanke muka ƙarasa shi. Na zaci zan ga mawaƙi irin na gida, da babbar riga da maroƙa da hayaniya. Muka tarar da wani ɗan tsoho siriri a gindin gawo yana gyaran igiyar rijiya, gurminsa na rataye a reshe kamar wani tsohon ludayi. Matarsa Gwamma, ƙatuwar mace mai murya, tana tuyar ƙuli-ƙuli a gefe. Abin da ya fara ɗaukar hankalina gonarsa ce. Duk ƙauyen ba a kai rabin girbi ba, shi tasa an kusa gamawa, damman gero jere gwanin sha'awa, ga maza huɗu majiya ƙarfi sunkuye suna aiki ba mai yi wa wani magana. Na ce wa Gwamma Allah ya yi musu albarkar 'ya'ya. Ta ce ba 'ya'yansu ba ne, masu neman waƙa ne. Ɗaya matarsa ta yi yaji, ɗaya ya yi saki yana cizon yatsa, biyu kuma budurwa ce ta ƙi su. Ta ce in dai ana ɓata wa mata rai a ƙasar nan, geronsu ba zai kwana a gona ba.

Bayan gaisuwa Bala ya gyara zama ya fara zuba. Ya ce Rakiya ita ce watansa, ita ce tauraruwarsa. Tsohon bai ɗago daga igiyarsa ba.

"Wata na kowa ne, ɗana. Ko ɓarawo shina da shi. Kawo mini abin da babu ga kowa sai kai."

Bala ya ce tun da ta tafi bai ci abinci mai daɗi ba. Baba Labo ya ce wannan waƙar mai tuwo ce, akwai ta a tasha. Bala ya ce gida ya yi datti, wanki ya taru. Tsohon ya ce to tsintsiya ya kamata a yi wa waƙar. Daga nan ya shiga yi masa tambayoyi ƙanana waɗanda ni ma sai da na ji kunya ta kama ni a madadinsa. Wane gefen tabarma take zama? In ta ji haushi me take yi da hannunta? Hannun ma yaya yake, babba ne ko ƙarami, akwai tabo ko babu? Bala, wanda in ya ji ƙarar babur daga nesa zai gaya maka abin da ya lalace a cikinsa, ya yi ta kallon ƙasa. A ƙarshe ya ce hannu dai irin na mata.

Baba Labo ya ce ba komai, haka duk suke zuwa. Ya miƙa masa kwando ya nuna masa gonar wake. Shi ba ya karɓar ko sisi, kuma ba ya yin waƙa da maganar wanda ke zaune, don a cewarsa mutum in yana zaune kan tabarma kansa yake yaba, sai ya sunkuya bayansa ya yi zafi gaskiya ke zubowa. Haka ƙanena, mai yara uku a gareji, ya shiga roron wake tare da sauran marasa sa'a. Tsohon kuma yana bin bayansu a hankali da sanda, kamar mai kiwo, ba ya tambaya, sauraro kawai yake.

Kwanakin da muka yi a can na fi zama da Gwamma, kuma a wajenta na ji sirrin sana'ar. Na tambaye ta wace mace ce ta taɓa ƙona zuciyar mijinta har ya iya waƙar rabuwa haka. Ta yi tsaki, ta ce ba wadda ta taɓa barinsa, tun yana saurayi take tare da shi, ko yaji ba ta taɓa yi masa ba don ta san waƙa zai mayar da shi. Ta ce mai ciwo ba ya waƙa, nishi yake yi, sai wanda ke gefe ya tsince nishin ya jera shi. Dokokinsa kaɗan ne. Ba ya sa suna, don waƙa mai suna ta mutum ɗaya ce, marar suna kuwa duk wanda ya ji sai ya zaci shi ake nufi. Ba ya bari a zagi wadda ta tafi, ba ya bari mai kuka ya yabi kansa. Kuma kalmar nadama kanta ba ta shiga waƙarsa, wai in sai an faɗe ta to ba a ji ta ba. Akwai doka ta ƙarshe, ta ce wannan sai na gani da idona.

Da yamma in an tashi daga gona, mazan nan biyar sukan zauna a yi shayi a ɗan ƙaramin kofi, zagaye bayan zagaye, kowa na gasar wanda ya fi shan wahala. Mai sakin ya ce shi ko barci ba ya yi, ga shi kuwa minsharinsa har ɗakin da nake. Ɗaya daga cikin samarin ya ce zai bar duniya, ya kuma nemi ƙarin tuwo. Bala ne kaɗai ya fara yin shiru, ga alama bayansa ya fara aiki.

Ranar kasuwar Gidan Amumune Gwamma ta ce in raka ta sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na yi murna, don na san garin su Rakiya kusa ne, na kuma shirya jawabin biko tun a hanya, irin wanda duk muka haddace: aure haƙuri ne, namiji sai a hankali, kowa da irin nasa. Kasuwa ce ta hatsi da dabbobi, Buzaye da raƙuma a gefe guda, 'yan kabu-kabu sun yi layi suna kiran fasinja. Ba mu daɗe da baza kaya ba sai ga Rakiya da 'yar roba ta zo sayen mai. Ashe Gwamma ta riga ta aika mata ta bakin wata mai daddawa. Ta rame ita ma. Ta durƙusa ta gaishe ni, Yaya ina kwana, Yaya ya yara, idonta a ƙasa. Na buɗe baki na fara aure haƙuri ne.

"Madam, yi kurum," in ji Gwamma. "Wagga magana ta ji ta ga bakin kowa." Ta juya ga Rakiya. "Ɗiyata, ba roƙonki na zo yi ba. Abu guda nike tambaya. Cikin gidan can, mi kike kewa?"

Rakiya ta daɗe tana murza bakin gyalenta da yatsa. Sannan ta ce ba abin da ya rage da za ta yi kewa, an sare shi.

A hankali labarin ya fito. Ranar da za a kai ta Katsina, mahaifiyarta ta karyo reshe daga lallen da ke bayan ɗakinta, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ta sa mata a cikin kaya. Rakiya ta dasa shi a tsakar gidan Bala, ta yi ta ba shi ruwan wanke-wanke har ya kama. Shekara na zagayowa uwar ta rasu, kafin Rakiya ta iso an rufe ta. Tun daga nan in kewa ta dame ta sai ta tsinki ganye ta daka ta ƙunsa. Na san lallen sarai, ya girma har ya wuce katanga. Bana da ruwa ya sauka Bala ya sayi sabon babur, ya ce rana da ruwa za su ɓata masa fenti. Ta je unguwa ta dawo ta tarar an sare lallen, an tone gindin, an zuba siminti an kafa rumfar kwano. Ya tare ta da murna yana nuna mata aikin.

Na ce me ya sa ba ta gaya masa ba? Ta ce ta gaya masa tun farkon aure, ta sake gaya masa ranar da aka yi rasuwar, yana zaune a gindin lallen ma.

"Moto ya samu inuwa, Yaya," in ji ta. "Ni na rasa uwa sau biyu."

Na watsar da jawabina. Na ji tausayinta, na ji haushin ƙanena, har na rasa wanda ya fi yawa. Gwamma kuwa ta auna mata mai, ta tambaye ta ko ta yarda a ɗauki maganar nan a kai inda za a kai ta. Rakiya ta ce a kai. A hanyar komawa Gwamma ta gargaɗe ni kada in ce wa Bala komai, ta ce in daga bakina ya ji, faɗan yaya zai ɗauke shi, ya kaɗe kunne ya wuce.

Bayan kwana biyu, da la'asar sakaliya, Baba Labo ya sauko da gurminsa ya ce waƙar Bala ta nuna. Mutanen ƙauye suka taru, da marasa sa'a huɗun nan a sahun gaba. Muryar tsohon ba wata murya ba ce, a dishe take, kamar yana yi wa kansa magana. Babu wata a waƙar, babu tauraro. Wata 'yar magana ce da Bala ya yi wa kansa a cikin wake, bai ma san an ji ba:

Na sayo rake gaɓa biyu,
Na shigo gida ina sallama,
Na sha guda, guda tana hannu,
Har ta bushe ban san wa zan ba ba.

Bala ya ɗago kai da sauri. Na ga ya kalli jama'a yana ɗan gyaɗa kai, abin ya taɓa shi, amma har da jin daɗin cewa ga shi an san irin wahalar da ya sha. Sai Gwamma da wasu mata biyu suka karɓa daga bayan zana:

Moto ya samu inuwa,
Ni na rasa uwa sau biyu.

Karon farko bai gane ba. Na ga yana motsa baki yana bin amshin, don yana da daɗin bi. Tsohon ya kawo baiti na biyu, na yadda yake tsallake wurin da take ajiye takalmi a bakin ƙofa ko da babu takalmin. Mata suka sake karɓa, wannan karon da ƙarin layi a gaba, lallen uwata wa ya sare. A nan ne ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi, ya dubi zanar, ya dube ni, sannan ya zauna da ƙarfi a kan damin gero. Wannan shi ne suman da ake ta yaɗawa.

Da aka gama ya matsa kusa da tsohon ya tambaye shi inda ya samo wannan magana.

"Baiti naka ne, amshi nata ne," in ji Baba Labo yana mayar da gurmi kan reshe. "Ban taɓa yin waƙa da baki guda ba. Ni tsarkiya kawai gare ni."

Mai sakin nan, da ya ji haka, ya tambayi Gwamma a ruɗe ko ta je garinsu shi ma. Ta ce kasuwarsu jibi ce. Washegari ba a gan shi ba, ya bar kwandon a bakin gona.

Shirin Bala tun daga Katsina shi ne ya ɗauki waƙar a waya, ya hayo lasifika, ya kunna ta a ƙofar gidan surukai. Ranar da muka je bai ɗauki ko wayar ba. Goro muka kai, irin na gidanmu da ya ce zamani ya wuce. Mahaifin Rakiya, dattijo mai ƙarancin magana, ya karɓe mu a rumfar ƙofar gida, rumbunansa sun kusa cika, wato lokacin da ya ɗiba ya matso. Bala ya cire takalmi tun daga nesa ya tsuguna. Na shirya zan yi magana a madadinsa yadda aka saba, sai na ji ya riga ni.

"Baba, ban zo in ce ta bi ni ba. Reshe ɗaya nake roƙo daga lallen Inna, in an yarda."

Dattijon ya dube shi, sannan ya tashi ya shiga ciki. Muna nan zaune, kaji na kiwo a gabanmu, har na fara tunanin an manta da mu. Can ya fito da reshe naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ce Rakiya ce ta karyo shi da hannunta. Daga bayan zana muka ji muryar Rakiya, a hankali, ba Bala take yi wa magana ba, ni take yi wa. Ta ce Yaya a gaya masa ya dasa shi a inda na da yake. Ranar da ya yi ganyen da zai ƙunsa tafin hannu ɗaya, ya zo. Mahaifinta ya ce to zaman raba aure an ɗage shi, sai abin da lalle ya ce.

Dawowa ba ta da wani labari, sai dai Bala ya rungume tsumman nan tun daga Mayahi kamar jariri, duk inda aka tsaya sai ya sayi ruwan leda ya jiƙa shi, shi kuwa bai sha ba. A bakin iyaka muka tarar da dogon jami'in nan. Ya gane mu, ya leƙa bayanmu yana neman amarya. Bala ya ɗaga masa reshen. Mutumin ya juya shi, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa, suka yi shawara da Faransanci. Sannan ya ce a aikinsa ya ga an wuce da abubuwa iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya je biko aka ba shi itace ba, mu wuce Allah ya raya.

Ran da muka iso bai ko huta ba ya kwance rumfar, ya fasa simintin da kansa. Babur yanzu a rana yake kwana, fenti ya fara dushewa. An kewaye reshen da ƙaya da tsohuwar taya da gidan sauro, akuyar maƙwabta kuwa ta zama babbar abokiyar gabarsa a duniya, har ƙararta ya kai wa mai unguwa. Waƙar ma ta biyo mu, ban san ta yaya ba. Rannan na ji yaran garejinsa suna bin amshin suna wanke ƙarfe, ba su san ta maigidansu ba ce, shi kuma yana ji bai hana su ba. Mata a layin niƙa suna ce mini duk wanda aka yi wa waƙar nan ba shi da kirki. Nakan ce musu yana da shi, kunne ne dai ba shi da shi.

Reshen ya yi kamar zai mutu, ya zubar da komai ya tsaya tsirara, Bala ya rame tare da shi. Sai ga tsiro. Makon jiya ya zo gidana da sassafe ya ce in zo in gani, yana so mu shirya tafiya. Na je na duba, 'yan ganye ne ƙanana, in an tsinke su duka da ƙyar su cika cokali. Na ce ya ƙara haƙuri, wannan ba zai rufe tafin hannu ba.

"Zai rufe, Yaya," in ji shi, yana tsugune bai ɗago ba. "Hannunta ƙarami ne. Na hagu take ƙunsawa, akwai tabon ƙuna a gindin babban yatsa, nan ba ya kamawa sosai."